Yadda ake fara aikin kula da zane-zanen Latino a gidajen adana kayan fasaha na Amurka

A shekarar 1972, wasu matasa uku 'yan asalin Mekziko daga gabashin Los Angeles, Harry Gamboa Jr. da Gronk da Willie Herrón, suka je da daddare suka fesa sunayensu da fenti a mashigar babban gidan adana zane-zane na gundumar, wanda ake kira LACMA. Da gari ya waye Gamboa ya ɗauki hoton abokiyar aikinsu Patssi Valdez tana tsaye a wurin. Abin da ya tunzura su, kamar yadda Gamboa ya sha faɗa, shi ne wani jami'in gidan ya nuna masa cewa irinsu ba sa yin zanen da ya isa a rataye a ciki. Sai a 2011, bayan shekara 39, gidan ya shirya wa ƙungiyar tasu mai suna Asco cikakken baje koli.

Wannan jinkiri shi ne ya siffanta aikin da zan yi bayani a kai. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta sami Latino, wato mutanen da asalinsu ya fito daga Latin Amurka, miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙasar, amma manyan gidajen sun daɗe ba sa sayen aikinsu, ba sa kuma ajiye tarihinsu. Don haka wanda ya shigo fagen yanzu ba zai tarar da kaya a jere cikin sito suna jiransa ba. Mafi yawan tarihin yana hannun masu zanen da iyalansu da ƙananan cibiyoyin unguwa, kuma ba a miƙa shi sai ga wanda aka yarda da shi. Na rubuta wannan ne domin ɗalibanmu da ke karatun tarihin fasaha a Amurka, da yaran gidajen Hausawan Ghana da Nijar da suka tashi a unguwar Bronx ta New York maƙwabtaka da 'yan Dominika da 'yan Puerto Rico, da duk mai son sanin yadda ake wannan sana'a daga tushe.

Mataki na ɗaya: ka san su wa ake nufi

Kuskuren da ya fi saurin kayar da mai neman aiki a wurin tantancewa shi ne haɗa fasahar Latin Amurka da fasahar Latino wuri guda. Frida Kahlo da Diego Rivera 'yan Mekziko ne, fasaharsu ta Latin Amurka ce, tana da kasuwarta da manyan attajiran da ke saye da gwamnatin da ke alfahari da ita. Fasahar Latino kuwa aikin mutanen da aka haifa ko suka zauna a cikin Amurka ne, waɗanda asalinsu ya fito daga Latin Amurka ko tsibiran Karibiyan. Sun daɗe a tsakiya: sashen fasahar Amurka yana ganinsu baƙi, sashen Latin Amurka yana ganinsu Amurkawa. Farfesa Arlene Dávila ta Jami'ar New York ta bi diddigin wannan a littafinta na 2020 kan masu zanen Latino da kasuwa da siyasa, kuma da wuya a yi hirar ɗaukar aiki a fagen ba a taɓo shi ba.

Su kansu ba al'umma ɗaya ba ne. Ka riƙe shekaru huɗu a ka. A 1848 yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta mayar da kusan rabin ƙasar Mekziko ƙarƙashin Amurka, wato akwai iyalai a New Mexico da Texas da Kalifoniya da ba su taɓa yin ƙaura ba, iyaka ce ta tsallake su. A 1898 Amurka ta karɓe Puerto Rico daga Sifaniya, a 1917 kuma aka ba mutanen tsibirin shaidar zama 'yan ƙasa, abin da ya buɗe hanyar kwararowarsu New York. A 1959 juyin juya halin Kuba ya kawo wani ayarin daban, mai siyasa daban. Ana Mendieta tana da shekara 12 aka kawo ta Amurka a 1961 ba tare da iyayenta ba, ta tashi a Iowa. Daga baya yaƙe-yaƙen Amurka ta Tsakiya na shekarun 1980 suka kawo 'yan Salvador da Guatemala. Ka kuma lura da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasa a cikinsu, domin su ne aka fi mantawa da su ko a cikin fagen. María Magdalena Campos-Pons, haifaffiyar Matanzas a Kuba, aikinta cike yake da gadon Yarbawa da aka kai tsibirin a zamanin cinikin bayi, kuma ɗan Najeriya zai gane abubuwa a ciki da wani ba zai gane ba.

Sai maganar suna, wadda za ta biyo ka har kan rubutun bango. Gidajen tarihi da jami'o'i suna rubuta Latinx, wani sabon salon kalmar Latino da bai bambance namiji da mace ba, amma binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen ke kiran kansu haka. Dattijon da ya yi gwagwarmaya a 1970 zai ce maka shi Chicano ne, wato Ba'amurke ɗan asalin Mekziko, wata ta ce ita Boricua ce, wato 'yar asalin Puerto Rico, ko Nuyorican, wato 'yar Puerto Rico ta New York. Ka tambayi kowane mai zane sunan da yake so, ka rubuta shi a fayil ɗinsa, ka yi amfani da shi.

Mataki na biyu: harshe da karatu

Ka koyi Sifaniyanci har ka iya karanta wasiƙar da aka rubuta da hannu, ka kuma zauna hira da tsohuwa ba tare da tafinta ba. Da yawa daga masu zanen Turanci ne harshensu na farko, amma iyayensu da takardun ƙungiyoyinsu da rubutun da ke jikin fastocinsu suna gauraya harsunan biyu.

Yawancin tallan aikin mataimaki suna neman digiri na biyu a tarihin fasaha ko fannin da ya yi kusa da shi. Manyan gidaje sukan fi son mai digirin digirgir idan kujerar ta cikakken mai kula ce. Wajen zaɓen makaranta, malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Jami'ar UCLA tana da cibiyar binciken Chicano tun 1969. Kwalejin Hunter a New York tana da cibiyar nazarin Puerto Rico tun 1973. Jami'ar Texas da ke Austin tana da gidan Blanton, wanda a 2023 ya karɓi ayyuka sama da 5,000 daga tarin Gilberto Cárdenas da Dolores García. Kada ka ci bashi mai nauyi saboda digiri na biyu, domin albashin farkon wannan aiki ba zai ɗauke shi ba. Ka nemi shirin da ke biyan kuɗin makaranta.

Bayan aji, ka nemo kundayen manyan baje kolin da suka gina fagen, ka karanta su kamar mai shirin jarrabawa: CARA na 1990 a UCLA, Phantom Sightings na 2008 a LACMA, Our America na 2013 da E. Carmen Ramos ta shirya a Smithsonian, rukunin gidajen tarihi na ƙasa da ke Washington, Radical Women na 2017 a gidan Hammer, da wanda Marcela Guerrero ta shirya a gidan Whitney na New York a 2022 kan fasahar Puerto Rico bayan guguwar Maria. Kada ka tsaya a kan maƙalolin. Ka buɗe shafukan baya inda aka jera ayyukan, ka duba daga wa aka aro kowanne. Nan za ka ga nawa ne suka fito daga gidan tarihi, nawa ne kuma aka rubuta cewa daga hannun mai zanen suke, wato har ranar ba wanda ya saya.

Mataki na uku: ka shiga ta ƙaramar ƙofa

Ra'ayina shi ne ka fara da cibiyoyin da al'ummar ta gina da kanta kafin ka nufi manyan gidaje. El Museo del Barrio, wanda Raphael Montañez Ortiz ya kafa a 1969 tare da iyaye da malaman gabashin Harlem. Self Help Graphics a gabashin Los Angeles, inda wata 'yar ɗarikar Katolika, Sista Karen Boccalero, ta fara buga zane da matasa a farkon shekarun 1970. Galería de la Raza a San Francisco tun 1970. Gidan fasahar Mekziko na ƙasa a unguwar Pilsen ta Chicago, wanda ya buɗe a 1987 kuma har yau ba a biyan kuɗin shiga. Cibiyar Cheech a Riverside, da ta buɗe a 2022. A irin waɗannan wurare ma'aikata kaɗan ne, don haka cikin wata shida za ka riƙe guduma, ka rubuta neman tallafi, ka zagaya da 'yan makaranta, ka kuma gaisa da masu zanen da a babban gida sai ka shekara ba ka gan su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne suka riƙe wannan tarihi lokacin da ba wanda ya damu da shi.

Akwai shirin horo na Smithsonian kan aikin gidajen tarihi na Latino, wanda aka fara a 1994, kuma da yawa daga masu riƙe da kujeru a yau ta nan suka bi. Ka yi rajista da ƙungiyar US Latinx Art Forum da aka kafa a 2015, ka riƙa duba tallan aiki na ƙungiyar College Art Association da na American Alliance of Museums. Gidauniyoyin Ford da Getty da Mellon da Terra sun haɗa dala miliyan 5 suka raba wa cibiyoyi goma, dala 500,000 kowacce, domin a buɗe kujerun masu kula da fasahar Latino, kuma irin wannan kuɗi ne ya haifar da yawancin sabbin guraben.

Ka nemi aikin koyo da ake biya. Birnin New York tun 2022 da jihar Kalifoniya tun 2023 sun wajabta rubuta albashi a tallan aiki, sai ka kwatanta shi da kuɗin haya kafin ka amsa. Idan kana kan bizar ɗalibi ta F-1, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka kafin ka fara kowane aiki a wajen harabar. Izinin aikin bayan kammala karatu a wannan fanni wata 12 ne, kuma wasu guraben gwamnatin tarayya na 'yan ƙasa ne kaɗai, don haka ka karanta sharuɗɗan tun kafin ka ɓata lokacin cike takardu.

Mataki na huɗu: ka iya aikin takarda

Shekarar farko yawancinta a gaban kwamfuta za ka yi ta. Kowane abu da ya shigo gidan yana da lamba, misali 2023.14.2, wato abu na biyu cikin kaya na goma sha huɗu da aka karɓa a 2023. Ka koyi manhajar da gidan ke ajiye bayanan kayansa, wadda a manyan gidaje da yawa TMS ce. Ka koyi cike takardar kyauta, da takardar aro, da rahoton lafiyar kaya inda ake rubuta kowane tsage da tabo kafin abu ya fita da bayan ya dawo. Ka yi abota da rajistara, wato mai lura da shiga da fitar kaya, da masu gyaran kaya da masu rataye zane, ka riƙa tambayarsu kafin ka yi wa kowa alkawari.

A wannan fage aikin bayanai yana da wani nauyi na musamman. Za ka tarar an rubuta sunaye ba tare da alamomin wasalin Sifaniyanci ba, an yanke sunan mahaifi ko na mahaifiya, an sa mutumin da aka haifa a Texas a jerin 'yan Mekziko. Idan bayanin ya karkace, mai bincike ba zai sami aikin ba ko da yana cikin sito. Ka roƙi izini ka bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da jerin ayyukan Latino da ake da su, da shekarar da aka same su, da ranar ƙarshe da aka nuna kowanne. Wannan jeri shi ne makaminka a duk wata muhawara da za ta zo.

Mataki na biyar: bincike, a taska da kuma a gidajen mutane

Ka fara da abin da aka riga aka tattara. Taskar takardun fasahar Amurka ta Smithsonian tana riƙe da takardun Tomás Ybarra-Frausto, masanin da ya yi shekaru yana tara ƙasidu da fastoci da wasiƙu. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana da takardun Self Help Graphics da na Galería de la Raza. Gidan fasaha na Houston, ta cibiyar da Mari Carmen Ramírez ke jagoranta tun 2001, ya sa dubban takardu a intanet kyauta, har wanda ke Kano ko Zinder zai iya karanta su.

Amma abin da zai sa aikinka ya zama naka yana cikin gareji da ƙarƙashin gado. Mai zanen da ya yi fastocin ƙungiyar ma'aikatan gona a 1970 yanzu ya haura shekara saba'in, wataƙila ya rasu, kayan suna hannun 'yarsa a cikin kwalaye. Ga yadda ake tunkarar wannan.

Ka nemi wanda zai gabatar da kai. Saƙon imel daga baƙo ba ya buɗe irin wannan ƙofa, amma kiran waya daga tsohon abokin aiki yana buɗe ta. Zuwan farko na gaisuwa ne, kada ka fito da takardar sa hannu. Ka ce Don ko Doña ga dattijo idan haka ake kiransa, ka ci abin da aka ba ka, ka saurara. Ka sani cewa da yawansu an taɓa aron kayansu ba a dawo da su ba, ko an ɗauki hoton aikinsu an buga ba da sunansu ba, don haka idan aka yi maka sanyi-sanyi, ba kai ne dalili ba.

Zuwa na biyu ka faɗi gaskiyar matsayinka: kai mataimaki ne, ba ka da ikon saye, ba ka da ikon yin alkawarin baje koli. Wannan magana tana da wuyar faɗa ga mutumin da ya shekara arba'in yana jira, amma rashin faɗarta shi ne ke lalata sunan matasa a fagen. Idan za ka naɗi hira, ka nemi izini a rubuce, ka bayyana inda za a ajiye muryar da wanda zai iya saurare, ka ba iyalin kwafinsu. Ka tambayi abubuwan da takarda ba ta riƙe ba: wa ya buga, a wace maɗaba'a, kwafi nawa, wa ya biya kuɗin fenti, su wa suka taya. Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin aikin gayya ya yi yawa a nan. Babban zanen bangon Los Angeles da Judy Baca ta fara a 1976, mai tsawon kusan rabin mil, ɗaruruwan matasa ne suka yi shi tare da ita, kuma a ƙungiyoyi da yawa matan da suka yi rabin aikin ba a rubuta sunayensu ba.

Kada ka fita da ko takarda ɗaya ba tare da rasit ba. Ka ƙirga, ka ɗauki hoto, ku sa hannu ku biyu, ka rubuta ranar dawowa, ka kuma dawo da ita kafin ranar. Idan ka ga kayan suna lalacewa saboda laima ko zafi, ka nuna wa iyalin yadda ake sa su a kwalin da ba shi da asid, ka gaya musu taskokin da za su iya karɓa, ko da ba gidanku ba ne zai amfana.

Mataki na shida: ziyarar ɗakin aikin mai zane

Ga masu zanen da ke raye suna aiki, ka sa wa kanka ƙa'idar ziyara a kai a kai. Ka duba aikin mutum kafin ka je, ka yi awa ɗaya, ka fi yawan kallo da tambaya a kan magana. Kada ka matsa wa kowa ya yi maka bayanin asalinsa. Wani aikinsa a kan iyaka da ƙaura yake, wata kuwa layi da launi kawai take yi, kuma dukansu na fagen ne. Ka rubuta abin da ka gani a ranar, ka aika godiya washegari.

Mataki na bakwai: baje kolinka na farko

Da wuya a ba ka babban zaure. Za a ba ka ƙaramin ɗaki ko bango guda, kuma hakan ya isa. Ka zaɓi tambaya ƙarama mai kaifi. Taken da ya ce zai nuna fasahar Latino gaba ɗaya ba ya cewa komai. Ayyuka goma sha biyar daga maɗaba'a ɗaya cikin shekara biyar suna iya faɗin abu mai yawa. Ka rubuta shafi ɗaya da ke bayyana hujjarka, da jerin ayyukan da hotunansu da girmansu da mai kowanne, da kasafin kuɗi.

A kasafin ka sa jigila, inshora, firam, fassara, haƙƙin buga hotuna, da ladan masu zane. Ƙungiyar W.A.G.E., mai fafutukar a biya masu zane ladansu, tana da jadawalin mafi ƙarancin abin da ya kamata a biya mai zane gwargwadon girman gidan; ka yi amfani da shi. Idan za ka kafa kwamitin shawara na mutanen unguwa, su ma a biya su, a kuma kira su tun ana iya canza abu.

Aro daga wani gidan tarihi yana bukatar wasiƙa tun wata shida zuwa shekara guda kafin buɗewa, wasu ma fiye, tare da rahoton yanayin gininku. Yawancin tarihin Chicano da na Puerto Rico a kan takarda yake, bugun fastoci ne, kuma takarda ba ta son haske. Ana riƙe hasken a kusan lux 50 a ma'aunin haske, wato haske mara ƙarfi, a nuna ta wata uku ko huɗu, sannan a mayar da ita duhu ta huta. Zafin ɗaki kusan digiri 21, laima kusan kashi 50, ba hawa da sauka. Fastocin da aka buga a takarda mai araha domin a manna a sandar lantarki sun fi kowanne rauni.

Wasu ayyukan ba a rataye su, ana gina su ne. Amalia Mesa-Bains tana yin nata a siffar wurin tunawa da mamata irin na cikin gida, da madubai da hotuna da ƙananan kaya barjat. Pepón Osorio ya gina cikakken shagon aski a 1994 a Hartford. Irin waɗannan sai mai aikin ya zo da kansa ko ya aiko umarni a rubuce, kuma ka ɗauki hoton kowane mataki domin wanda zai sake ginawa bayanka. Idan abin ya haɗa da furanni ko abinci ko kyandir, ka zauna da masu gyaran kaya tun da wuri saboda ƙwari da gobara. Idan kuma ya taɓa addini, ka shirya. Zanen Yolanda López na 1978, inda ta sa kanta da mahaifiyarta da kakarta a siffar Budurwar Guadalupe, wato hoton Maryam mahaifiyar Annabi Isa da Katolikan Mekziko ke girmamawa, ya ɓata wa wasu masu ibada rai, kuma irin wannan yana iya tasowa a kowane lokaci. Ka gana da shugabannin unguwa kafin buɗewa, ka shirya wa masu gadi da masu zagayawa da baƙi amsar da za su bayar cikin ladabi.

Rubutun bango ya kasance da harsuna biyu, girman harafi ɗaya, kada Sifaniyanci ya zama ƙaramin rubutu a ƙasa. Kowane bayani kada ya wuce kalma 80 zuwa 100. Ka ɗauki ƙwararren mai fassara, ka gaya masa su wa ke zuwa gidan, domin Sifaniyancin Bronx ba ɗaya yake da na San Antonio ba. Ka fara bayanin da abin da ido ke gani. A fastar Sun Mad ta Ester Hernández ta 1982, mai kallo yana ganin kwalin zabibi da ya saba gani a kanti, sai dai yarinyar da ke jiki ta zama ƙwarangwal. Daga nan sai ka kai shi ga maganin ƙwarin da ake fesawa a gonakin kwarin San Joaquin, inda mai zanen ta tashi a gidan ma'aikatan gona. Kafin a buga, ka tura wa mai zanen ya duba ranaku da sunaye.

Mataki na takwas: ka sa a saya

Baje koli yana ƙarewa cikin wata huɗu, abin da aka saya kuwa yana zama. Daga jerin da ka yi a mataki na huɗu, ka fitar da ayyuka biyar da kake ganin gidan ba zai cika ba sai da su. Ga kowanne ka rubuta shafi biyu: wane ne mai zanen, me ya sa wannan aikin, hannun da ya bi tun daga ɗakin da aka yi shi, lafiyarsa, farashinsa, da kuma ayyukan da gidan ke da su waɗanda za a rataye shi kusa da su. Sashen ƙarshen shi ke shawo kan kwamitin saye, domin yana nuna musu aikin zai shiga zauren dindindin.

Za a ce maka mai zanen ba shi da kasuwa. Ka tuna musu da Carmen Herrera, haifaffiyar Havana a 1915, wadda ta zauna New York tana zane shekara da shekaru, ba ta sayar da zane ba sai a 2004 tana da shekara 89, Whitney kuma ta yi mata baje koli a 2016 tana da 101. Rashin kasuwa yana nufin farashin yana da sauƙi yau. Amma kada hakan ya zama hanyar matse dattijo ya ba da aikinsa kyauta. Idan gidan yana biyan wasu, ya biya shi.

Ka kuma yi hattara da watan tunawa da al'adun Latino, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. Za a so a tura duk shirinka cikin wata ɗayan nan, a kuma ɗora maka fassarar sanarwa da shirya biki. Ka taimaka gwargwado, amma ka nemi a rubuta ayyukanka a takardar ɗaukar aiki, ka kuma nemi baje kolinka ya faɗo a wani lokacin na shekara.

Mataki na tara: ka shirya wa ƙarshen kwantiragi tun ranar farko

Yawancin waɗannan gurabe na shekara biyu zuwa biyar ne, kuɗin gidauniya ne ke riƙe da su. A hirar ɗaukar aiki ka tambaya kai tsaye: idan tallafin ya ƙare, gidan zai ci gaba da biyan kujerar? Akwai kuɗin tafiya bincike? Akwai kuɗin saye da aka ware wa fagen? Za a sa sunana a baje kolin da na yi wa aiki? Ka nemi amsoshin a rubuce.

Kafin wa'adin ya cika, ka tabbata kana da baje koli ɗaya da sunanka a kai, maƙala ɗaya da aka buga, aiki ɗaya aƙalla da aka saya ta hannunka, da jawabi ɗaya a taron masana. Ka ajiye hotunan zauren da kwafin rubutun bangon, ka nemi babba ɗaya a wajen gidanku da zai riƙa duba rubutunka ya kuma rubuta maka wasiƙar shaida. Ka fara neman aiki na gaba saura shekara guda. A watan ƙarshe ka bi fayil ɗin kowane mai zane, ka cike shi da lambobin tuntuɓa da hirarrakin da ka naɗa da alkawuran da ba a cika ba, ka mayar da duk abin da ka aro, sannan ka kira kowane iyali ka gaya musu sunan wanda zai karɓi aikin bayanka.